Zaɓen Saksafon Bariton: Nazarin Yadda Wani Mabushi Ya Yanke Shawara Tsakanin Matsakaici da Na Ƙwararru

Ɗalibin da wannan bayani ya shafa ya shekara shida yana busa saksafon alto kafin ƙungiyar da yake ciki ta rasa mai riƙe mata bariton, wato babban saksafon mai kaurin murya, aka miƙa masa na ƙungiya aro. Ya yi shekara biyu da shi a hannu, har kunnensa da huhunsa suka saba, sannan aka sanar da shi cewa za a karɓi kayan a ƙarshen zango domin a ba wani sabon shiga. A lokacin ne ya zo wurina, ni da nake koya masa busa tun yana kan alto, da tambaya guda. Kuɗin da ya tara sun isa sabon bariton na matsakaicin aji har da ragowa, amma idan ya ƙara haƙuri na kusan shekara guda, ko kuma ya ci bashi, hannunsa zai kai ga na ƙwararru. Mun shafe makonni biyar kafin mu tsaya a kan amsa, kuma na ga ya dace in rubuta yadda aka yi, domin tambaya ce da mabusa da yawa kan amsa ta hanyar duba sunan da ke jikin akwati tun kafin su sa kayan a baki.

Abin da na fara nema shi ne sanin irin aikin da kayan zai yi. Shi mutum ne mai aikin yini, yana samun kamar awa guda ta atisaye sau biyar a mako, yana zama da babbar ƙungiyar jaz sau ɗaya a mako, sannan yana cikin ƙungiyar mutum huɗu masu saksafon zalla, inda bariton ne ke riƙe da ƙasan kowace waƙa. Shi yake ɗaukar kayansa da kansa, kuma ɗakin da suke atisaye a hawa na biyu yake. Ra'ayinsa kuwa bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, araha ba ta ado, gara in saya sau ɗaya in huta." Ban musa masa ba a ranar, domin a kan alto maganarsa tana da ƙarfi sosai, sai dai na san cewa bariton yana da nasa hali da ke sauya lissafin.

Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi wa dangin saksafon rajistar ƙira a Faransa a 1846, kuma bariton yana cikin manyan dangin. A kan sautin E♭ aka gina shi kamar alto, amma yana ƙasa da alto da oktaf guda cif (tazarar matakai takwas a tsanin sauti), wanda ke nufin bututunsa ya kusan ninka na alto tsawo. Da za a miƙe shi da ya haura mita 2, shi ya sa aka naɗe shi daga sama aka kuma lanƙwasa shi daga ƙasa. Nauyinsa yakan kama daga kilo 5 zuwa 7, ban da akwati. Murafen da ke rufe ramukan ƙasa suna da faɗi ƙwarai, sandunan da ke haɗa su da maɓallai dogaye ne, kuma jikin tagulla ne mai saurin lotsawa idan ya bugu. Kayan da ke da wannan girma ba ya yiwuwa a ƙera shi da arha ya kuma yi aiki, saboda haka abin da manyan kamfanoni ke kira matsakaicin bariton galibi shi ne mafi ƙasa a aji cikin waɗanda suke yi, kuma sun yi shi ne domin ƙungiyoyin makarantu da na badujala, inda zai sha hannu da yawa shekara da shekaru. Tazarar da ke tsakaninsa da na ƙwararru ba ta kai wadda ke tsakanin alto na 'yan koyo da alto na ƙwararru ba.

Sunayen ma kansu ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Yamaha ta daɗe tana sayar da YBS-52 a matsayin matsakaici da YBS-62 a matsayin na ƙwararru, daga baya ta fito da YBS-480 a ajin ƙasa da YBS-82 a sama da su duka. Yanagisawa kuwa bariton ɗinta na matakin ƙasa, B-WO1, ta riga ta kira shi na ƙwararru, sannan ta ajiye B-WO10 a wani aji na sama. Kowane kamfani da tsaninsa, kuma kalmar da aka rubuta a matakala tana gaya wa mai saye inda kayan yake a cikin gidansu ne kawai.

Akwai abu ɗaya da muka cire daga muhawara tun da wuri, wato maɓallin A na ƙasa. Saksafon da aka saba da shi a B♭ yake tsayawa, amma tun shekarun 1950 aka fara ƙara wa bariton tsawon mazurari, wato faffaɗan bakinsa na ƙarshe, domin ya sauka rabin mataki zuwa A. Wannan A, idan aka auna shi da fiyano, sautin C ne mai kaɗawa kusan sau 65 a daƙiƙa, daidai da tsirkiya mafi kauri ta celo, babban gogen Turawa, kuma masu tsara waƙa sun saba rubuta shi ga bariton ba tare da tambayar ko mabushin yana da shi ba. Gaskiya ne cewa Gerry Mulligan, shahararren mabushin bariton na jaz, ya yi yawancin aikinsa da tsohon bariton na kamfanin Conn mai tsayawa a B♭, kuma har yau akwai mabusa da ke ganin gajeren mazurari ya fi sakin murya. Sai dai da muka buɗe takardun ƙungiyar mutum huɗun, mun tarar da A na ƙasa a waƙa bayan waƙa, sau da yawa a sautin rufewa. Duk abin da zai saya dole ya kasance da shi, kuma sabbin kayan da yake dubawa, matsakaici da na ƙwararru, dukkansu suna da shi.

To, me ƙarin kuɗin yake saye? Na zauna da shi muka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, domin ba duka suke da nauyi ɗaya ba. A yawancin kayan ƙwararru ana liƙa turakun da ke riƙe sanduna a kan dogayen faranti, sannan a liƙa farantin a jikin bututu, wanda ke sa saiti ya daɗe bai goce ba, amma yana ƙara nauyi. Wasu suna da hannu biyu a kan manyan murafen ƙasa maimakon ɗaya, domin murfin ya sauka a miƙe kada ya karkata. Sifirin ɗinsu yakan fi saurin mayar da maɓalli, wurin ɗora yatsu na ɓawon kawa ne maimakon roba, kuma yawanci akwai maɓallin F♯ na sama. Sai zanen hannu a jikin mazurari, wanda ado ne kawai. A ganina, mafi tsadar abin da ke cikin kayan ƙwararru ba ya fitowa a takardar talla, domin lokaci ne: awoyin da wani gwani ya ɓata yana daidaita bakin kowane rami, yana zaunar da fatar kowane murfi, yana cire ɗan wasan da ke tsakanin sanda da turke. Game da irin tagullar da aka yi amfani da ita ko shafen da ke kanta, na gaya masa kada ya ɗora shawararsa a kai, domin iskar da ke cikin bututun ita ce ke kaɗawa, kuma siffar cikin bututun da wuraren ramuka su suka fi yanke hukunci a kan abin da kunne zai ji.

Kafin mu taɓa sabon kaya ko ɗaya, na nemi ya kai bariton ɗin aro wurin mai gyara, kuma na bi shi. Dalilina shi ne ƙorafin da ya fi yi, cewa sautukan ƙasa suna yi masa gurnani da ɓarɓarniya idan ya sassauta iska, kuma ya riga ya yanke cewa laifin ajin kayan ne. Mai gyaran ya kashe fitilar ɗakin, ya zura wata siririyar fitila a cikin bututun, ya riƙa danna maɓallai a hankali da yatsa ɗaya. A murfin C na ƙasa sai ga haske yana leƙowa ta gefe guda, siriri kamar jinjirin wata. Daga nan ya danna maɓallin B♭ na ƙasa da ƙaramin yatsan hagu, ya ce ɗalibin ya zuba ido a kan murfin G♯ da ke can sama, sai muka ga ya ɗan ɗaga, da kyar ido ke kama shi. A saksafon na zamani an haɗa maɓallan ƙaramin yatsa da G♯, kuma wani ɗan sukurun saiti ne ke danne murfin idan hannun dama ya rufe. In ya saki ko kaɗan, iska za ta zurare tun daga tsakiyar bututu, sautukan ƙasa duka su lalace. Ya juya sukurun kaɗan, ya gasa murfin C ya sake zaunar da fatarsa, aikin da bai kai awa guda ba. Ɗalibin ya busa B♭ na ƙasa a hankali, sautin ya fito sumul, ya sauke kayan daga bakinsa ya tsaya yana kallonsa. Shekara biyu yana kokawa da yoyon iska, yana zaton talaucin ƙira ne.

Wannan ya sa na kafa sharaɗi biyu ga gwajin da za mu yi. Na farko, duk kayan da za a gwada sai an zura masa fitila, domin sabon bariton ma yakan zo da yoyo bayan doguwar tafiya a cikin akwati, kuma wanda ya gwada na ƙwararru mai kyakkyawan saiti da matsakaici mai yoyo bai gwada komai ba. Na biyu, bakin busa ɗaya za a yi amfani da shi a kan duka, tare da harsunan kara guda uku da ya riga ya saba da su, wato siraran karan da ke kaɗawa su fitar da sauti. Bakin busa, wato ɗan kan da ake ɗaura wa harshen kara a sa a baki, yana sauya murya fiye da yadda jikin kayan ke yi, kuma na sha ganin mutum ya yaba wa kaya alhali bakin da ya zo da shi ne ya burge shi.

Kaya uku muka samu a ranar gwaji: sabon matsakaici, sabon na ƙwararru, da wani tsohon na ƙwararru da mai shi ke son rabuwa da shi. Na tsohon bai ɗauke mu lokaci ba. Muryarsa tana da kauri da ɗumi, har ɗalibin ya ƙi ajiye shi da wuri, amma a B♭ yake tsayawa, kuma da na riƙe sandunan na girgiza sai na ji suna wasa a cikin turakunsu, sannan da na hango bututun daga sama na ga ya ɗan karkata. Gyaransa gaba ɗaya zai cinye rangwamen da ke cikin farashinsa, kuma bayan gyaran ma A na ƙasa ba zai tsiro masa ba.

Sauran biyun muka ba su yini. Na sa shi ya fara da dogayen sautuka daga A na ƙasa zuwa F na sama, na'urar auna sauti tana fuskantata shi ba ya ganinta, domin mabushi da ya ga allura takan sa ya gyara da leɓe ba tare da ya sani ba. Dukkansu sun nuna halin da aka san saksafon da shi: D na tsakiya yana ɗan hawa, C♯ na tsakiya yana ɗan sauka. Na ƙwararrun ya fi daidaito a sautukan can sama, waɗanda ake buɗewa da tafin hannun hagu, amma bambancin bai wuce abin da mabushi mai kunne ke gyarawa kullum ba. Daga nan na sa shi ya riƙa kai da komo tsakanin C♯ da D, wurin da bututu ke tashi daga kusan buɗe duka zuwa kusan rufe duka, inda murya kan sauya launi farat ɗaya. A nan na ƙwararrun ya fi haɗa sautukan biyu su zama kamar daga baki ɗaya suka fito.

Gwajin da ya fi buɗe mana ido shi ne wanda na juya baya. Na koma ƙarshen ɗakin, ya riƙa sauya kayan ba tare da ya faɗa mini ba, yana busa ɓangarensa na waƙoƙin babbar ƙungiya da ƙarfin da ya saba. Sau da yawa na kasa faɗin wanne ne a bakinsa, kuma da muka saurari abin da muka naɗa shi ma ya kasa. Amma da ya koma waƙar mutum huɗu mai sanyi, wadda ke farawa da A na ƙasa a hankali kamar raɗa, sai na gane su ba tare da kuskure ba. Na ƙwararrun yana kama sautin tun daga farkon numfashi, matsakaicin kuwa yana ɗan jinkirtawa, sai an ƙara masa iska kaɗan kafin ya amsa. Shi kuma a hannunsa ya ji abin da ni ba zan ji daga nesa ba: maɓallan ƙaramin yatsan hagu sun fi laushi a na ƙwararrun, zamewa daga B zuwa C♯ ba ta gajiyar da yatsa, kuma murafen ba sa yin ƙarar rufewa sosai. Ya kuma lura cewa ya ɗan fi nauyi a wuya. Ban rage wa na ƙwararrun komai ba a gabansa, domin ya fi, kuma fifikon nasa yana zaune ne a wurare uku da za a iya nunawa da yatsa: busa mai sanyi a ƙasa, daidaiton murya a sama, da santsin maɓallai.

Da muka zauna lissafi, na roƙe shi ya rubuta abin da kowace hanya za ta bar masa a hannu. Idan ya ɗauki matsakaicin, ragowar kuɗinsa za ta isa bakin busa guda biyu, ɗaya mai faɗin ciki da taushin murya domin ƙungiyar mutum huɗu, ɗaya mai kaifi domin ya ratsa ƙarar kakaki da ganguna a babbar ƙungiya. Za ta isa ɗamarar kafaɗa mai raba nauyi ga kafaɗu biyu maimakon igiyar wuya, da akwati mai ƙarfi wanda ke riƙe kayan kam, da mazauni na ajiye shi a tsaye lokacin hutu, da kuma kuɗin kai shi wurin mai gyara ya yi masa cikakken saiti tun yana sabo. Idan kuwa ya nufi na ƙwararrun, zai zauna kusan shekara ba shi da bariton ko kaɗan, kujerarsa a ƙungiyoyin biyu za ta koma hannun wani, ko kuma ya shiga bashi ya riƙa hawa bene da kaya mai tsada a cikin akwatin da ya zo da shi, ba shi da abin biyan mai gyara ranar da ya bugu da ƙofa. Wannan batu na bugu na nanata masa shi, domin bariton yakan lalace ne a hanya fiye da a baki, kuma dogon jikinsa yana iya karkacewa ko a cikin akwati idan akwatin ya faɗi.

Na faɗa masa ra'ayina a fili, cewa matsakaicin ne ya dace da shi a wannan lokaci. Na kuma faɗa masa yanayin da zai sa in ba shi akasin wannan shawara. Da busa ce sana'arsa, yana awa huɗu ko biyar a kai kullum, to santsin maɓallai zai zama batun lafiyar hannunsa, kuma saitin da ke daɗewa bai goce ba zai rage masa zirga-zirga wurin mai gyara. Da yana shirin jarrabawar shiga makarantar kiɗa, inda zai tsaya shi kaɗai ya busa waƙoƙin da aka rubuta wa celo, ko yana aiki a ɗakin naɗar sauti inda makirfo ke kama ƙarar kowane murfi, to waɗannan wurare uku su ne ainihin aikinsa, kuma da na ce ya jira shekarar.

Bai karɓa nan take ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce abin da ke damunsa shi ne ya riga ya ji yadda A na ƙasa ke fita a na ƙwararrun, kuma yana tsoron zai riƙa tunawa da shi duk lokacin da nasa ya yi jinkiri. Na ce ya koma shi kaɗai ya sake gwada su, amma wannan karon ya sa bakin busa mai faɗin ciki da harshe mai ɗan laushi a kan matsakaicin. Ya koma bayan mako guda, ya shafe awa biyu, ya dawo ya ce jinkirin ya ragu har ya kai inda zai iya zama da shi, ko da yake bai ɓace ba. A makon ya saya, kuma kafin ya kai shi gida ya biya da shi wurin mai gyara, wanda ya sami murafe biyu da ke buƙatar zama, ya kuma sassauta sifirin na maɓallan ƙaramin yatsa.

Wata takwas ke nan da sayen. Bai rasa atisaye ko ɗaya ba saboda rashin kaya, kuma ciwon wuyan da yake fama da shi a zamanin na aro ya tafi tun da ya koma ɗamarar kafaɗa. Kayan nasa ba shi da maɓallin F♯ na sama, saboda haka ya koyi fitar da sautin ta hanyar haɗa maɓallin F na gaba da na B♭ na gefe, kuma yanzu yana fita masa ba tare da tunani ba. Sau ɗaya akwatin ya bugu da dokin ƙofa a kan bene, murfin B na ƙasa ya ɗan goce, aka gyara a rana ɗaya daga kuɗin da ya ware. A na ƙasa a busa mai sanyi har yanzu yana neman kulawa: sai ya buɗe maƙogwaro, ya fara tura iska kafin ya saki harshensa daga kan karan. Mun mayar da wannan atisayen farko na kowane darasi, minti biyar a kan sautin guda, daga raɗa zuwa ƙarfi a koma raɗa, kuma a darasin makon jiya ya kama shi sau bakwai a jere kafin na takwas ya ɗan makara.